Ƙamshin Zainaba a Rigunan Maza

A cikin Birnin Damagaram, shekarar da ake ta cewa Nasara zai naɗe tabarmarsa, babu matar auren da ba ta san Zainaba mai turare ba. Kakanninta daga Barno suka zo. Mijinta Mala, wanda ya yi wa wani Bafaranshe aikin kuku, ya rasu shekara bakwai ke nan, ba su haihu ba, ba ta kuma sake aure ba. Manema sun zo, ta ba su ruwa sun sha, ta raka su da a gaida gida.

Sana'arta haɗa wa amare turare, kuma doka ɗaya gare ta, wadda ta gada wurin uwarta: kowace amarya da nata haɗin. Abin da ta haɗa wa wance ba za ta haɗa wa wance ba, ko da za a auna mata azurfa da mudu. Shi ya sa matan Birni suka sakar mata ƙofofinsu. Har ƙuryar ɗaki take shiga, ta san abin da ke ƙarƙashin gadon kowa, ba a taɓa jin bakinta a waje ba. Mai irin wannan sana'a ba ta da wani jari sai sunanta, ran da mata suka daina yarda da ita kuwa ta tashi aiki.

Ita ma da nata haɗin. Yana cikin wata 'yar baƙar tukunya a bayan gadonta, mai kauri ne, mai maiƙo, ana shafa shi a jiki ana kuma ɗiga shi a garwashi. Uwarta Ya Aisa ce ta fara haɗa shi, da ƙajiji da farce da sandal da wasu abubuwa biyu da ba a faɗa wa kowa. Ran da za ta cika ta ɗora hannun Zainaba a kan murfin ta ce, "Wannan naki ne. Ba na kasuwa ba ne." Kowace shekara Zainaba takan ƙara sabo a kan tsoho, don haka tukunyar ba ta taɓa ganin gindinta ba.

Duk Birni an san ƙamshin nan, amma babu wanda ya san shi kamar Malam Gambo. Makaho ne, yana tufkar igiya a gindin wata kurna, jikin katangar gidan Sallau akawu. Tun Zainaba ba ta karyo kwanar lungu ba zai ɗaga kai ya yi mata gaisuwar Barebari ya ce, "Ya Zainaba, wushe! An fito?"

"Malam Gambo, wai kai ba ka barin mutum ya yi sallama?"

"Sallamarki ai ta riga ki isowa tun ɗazu."

Takan yi kamar ta ji haushi, amma ƙarya ne. A garin da ba ta da ɗa ba ta da miji, wannan gaisuwar tana yi mata daɗi fiye da yadda za ta yarda ta faɗa.

Cikin gidan da Gambo ke jingine da katangarsa akwai Rakiya, matar Sallau, aminiyar Zainaba ta shekara ashirin. 'Yar farin Rakiya ita ce Ramlatu, kuma da yake uwa ba ta nuna wa ɗan fari so a idon mutane, ko sunanta ma ba ta kamawa, sai goyon ya faɗo wa Zainaba. Ita ta yi mata kitson fari, ita ta raka ta lakwal, makarantar boko, ran da aka rubuta ta tana kuka. Tun ranar suna ta ce, "Turaren yarinyar nan ni zan haɗa shi, kowa ya ji." To, ga shi Allah ya kawo lokaci. Ramlatu ta girma, ta zaɓi wani malamin lakwal mai sanyin hali, an sa biki cikin watan Agusta, Zainaba har ta fara jiƙa itatuwanta.

Maganar kyandir kuwa damina ce ta kawo ta. Ruwa ya ɓata hanyar Kano, manyan motoci suka kafe a taɓo, kananzir ya zama abin nema da roƙo. Ana haka Nomau, wani mai zuma daga Dogo da ke kawo mata zuman haɗin turare, ya ajiye mata ƙaton curin kaki ya ce ya gaji da yawo da shi, in tana so ta liƙe ƙwarya. Zainaba ta juya curin nan a hannu, ta tuna kyandir ɗin da Mala yakan kawo guntayensa daga gidan ubangidansa, wanda a nan Damagaram ake ce wa buji. Ta ce a ranta, abin da hannu ya yi ai hannu na iya yinsa.

Na farko a cikin karan gwanda ta zuba su. Suka fito santala-santala, ta jera su tana murna, kafin azahar zafi ya tanƙwara su duka kamar lauje. Ta koma zubawa a gwangwanin madara, wanda ba ruwansa da zafi. Lagwani kuwa ta kai wa Gambo zaren auduga ya murza mata, siriri mai ƙarfi. Saura matsala ɗaya: kakin ba ya isa. Ta sayo kitse wurin mahauta ta haɗa, kyandir ya ci da kyau, haske tar, amma ɗakin ya ɗauki ƙauri sai ka ce an kwana ana babbakar kan sa.

Ta tsaya tsakiyar ɗaki tana duba ƙoren turaren da ke rataye. Wannan na 'yar wane ne, wancan na ƙanwar wance ne, kowanne da mai shi, kuma ba ta taɓa kayan amana. Abin da yake nata ita kaɗai a ɗakin nan shi ne baƙar tukunya. Ta buɗe, ta ɗebi cokali ɗaya ta sa a narkakken kakin. Ƙauri ya ɓace, ƙamshi ya tashi. Maganar uwarta ta faɗo mata a rai, ta kore ta da cewa ai haske take sayarwa, ba turare ba. Mutum in yana son abu, ba ya rasa fatawa.

Tahiru mai kanti a bakin kasuwa shi ya karɓi kayan. A shagonsa akwai rediyo, kuma a watannin nan duk namijin da ya isa a Birni can yake tafiya bayan magariba don ya ji inda aka kwana kan mulkin kai. Sai a rufe ƙofa saboda sauro da feshin ruwa, a kunna gwangwani uku na Zainaba, a zauna ana musu. Wannan ya ce Nasara ba zai tafi ba, wancan ya ce ya riga ya ɗaure akwati, Sallau akawu ya fassara musu Faransancin da rabinsa shi ma bai ji ba. Sa'a biyu, sa'a uku, manyan riguna suna shan hayaƙi. Hancin namiji kuwa in ya zauna cikin abu ba ya ƙara jinsa.

Wata safiya Sallau ya fito zai tafi biro, wato ofis, da rigar da ya je majalisar Tahiru jiya. Gambo ya ɗaga kai da fara'a.

"Ya Zainaba, wushe! Yau sammako aka yi?"

"Ni ne, Malam Gambo. Sallau."

Gambo ya saki igiya. Da wani ne sai ya ce tuba nake ya yi shiru, amma shi mutum ne da bai yarda a ƙaryata hancinsa ba. Ya ja iska ya ce, "Ikon Allah! To ai kuwa ƙamshinta ne a jikinka, malam. Har wuya."

Sallau ya yi dariya ya wuce, bai kai bakin lungu ba ya manta. Sai dai a tsallaken hanya akwai Kulu mai ƙosai tana juya mai, kuma maganar da ta shiga kunnen Kulu ta shiga kasuwa.

Da abin ya tsaya kan Sallau da sauƙi. Kashegari Gambo ya gaida Suma'ila direba da sunan Zainaba. Jibi ya gaida Mai Nasara maɗinki. Kafin mako ya zagayo ya gaida maza goma sha ɗaya, har da wani tsoho mai sanda wanda tsallake kwata ma sai an riƙe shi. Kulu tana ƙirgawa tana rarrabawa tare da ƙosai. Mata suka fara shinshina rigunan mazansu a wurin wanki, kuma abin da suka ji babu musu a cikinsa, don su ma sun san ƙamshin nan kamar sunayensu.

Babu wadda ta tambayi mijinta. Matar Damagaram ba ta zubar da girmanta da irin wannan tambaya, a miya take yin maganarta. Gishiri ya ɓace daga tukwane, tuwo ya riƙa zuwa da gudaji, ruwan wanka ya daina ɗumi. Mazan suka haɗu a shagon Tahiru suna mamakin abin da ya sami mata a bana, Sallau ya bayyana musu cewa zafin siyasa ne ya shiga har cikin gidaje. Suka yarda, suka ƙara kunna gwangwani.

Zainaba ita ce ta ƙarshen ji, kamar kullum ga wanda ake magana a kansa. Ta ga dai gaisuwa ta gajarce. Ta ga wata uwar amarya ta aiko a karɓi ƙwaryarta, wai an fasa. Ta shiga wani gida aka bar ta tsaye a tsakar gida ba a shimfiɗa mata tabarma ba. Ta ɗauka ko tsadar kaya ce ta sa mutane ɗaure fuska. Ran Laraba ta ƙulla ɗanɗanon haɗi uku a tsumma ta nufi gidan Rakiya don Ramlatu ta zaɓa.

Rakiya na tankaɗe. Ta amsa sallama ba ta ɗago ba.

"Ƙawa, ga na ɗiyata na kawo. Ina take? Ta zo ta shinshina."

"Da kin bar shi," in ji Rakiya. "An riga an yi magana da wata a unguwar Zango. Ita za ta yi wa yarinyar nan."

Zainaba ta yi dariya, don ta zaci wasa ne. Da ta ga rariya ba ta tsaya ba, dariyar ta mutu.

"Rakiya, me na yi?"

"Ni na ce kin yi wani abu? Kowa ai ya san abin da ya yi."

Ramlatu na tsaye a bakin ɗaki, kanta a ƙasa, tana murza gefen zane. Zainaba ta dube ta, ta dubi uwar, ta mayar da ƙullinta cikin mayafi. A iya zamanta ba a taɓa yi mata abin da ya soke ta haka ba, har rasuwar Mala, don ita mutuwa ba ta wulaƙanta mutum. Ta juya ta fito.

A gindin kurna Gambo ya ɗaga kai, ya buɗe baki, ya rufe. Can ya ce a hankali, "Ya Zainaba ce, ko kuwa wani ƙaton ne kuma?"

"Wane irin ƙato, Malam Gambo?"

"Alhamdu lillahi, ke ce. Zauna ki ji, ina ganin tsufa ya kama ni ta hanci. Sau goma sha ɗaya ina gaishe ki, sau goma sha ɗaya namiji na amsawa. Sallau, Suma'ila, Mai Nasara, duk ƙamshinki suke. Na ce ko aljanu ke wasa da ni."

Zainaba ta tsuguna. Ta sa ya sake lissafa sunayen, tana ji tana haɗawa, sai ta ga ai majalisar Tahiru ce ake kira mata ɗaya bayan ɗaya.

"Malam Gambo, bujin da kake murza mini lagwaninsa, ka taɓa jin an kunna shi?"

"Ni kuwa me zan yi da buji?"

Dariya ta kuɓuce mata har da riƙe ciki, tana yi hawaye na zuba, Gambo na tambaya lafiya. Da ta tsagaita ta ce, "A gaban wa ka yi gaishe-gaishen nan?"

"Babu kowa. Sai dai Kulu."

"Sai dai Kulu," in ji Zainaba. Ta tashi ta kakkaɓe zanenta.

Kwana biyu tana juya abin. In ta daina kai wa Tahiru kaya, ƙamshi zai ɓace daga riguna, a ce ta ji tsoro ta janye, zargi ya tabbata. In ta bi gida goma sha ɗaya tana rantsuwa, za a karɓe ta da to, Allah ya kyauta, tana fita a ce mai gaskiya ba ta yawon rantsuwa. In ta gaya wa mazan, sunanta zai zama abin hira a shago tsakanin labarin Yamai da na Paris, wannan kuwa gara zargin. Abin da hanci ya ƙulla, hanci ne kaɗai zai kwance shi. Kuma ta san kuɗin wannan magani. Muddin ƙamshin nan nata ne ita kaɗai, duk rigar da ya taɓa sai an kira sunanta. Ba za ta tsira ba sai ya zama na kowa.

Ta jawo baƙar tukunya ta ɗora a cinya, ta daɗe hannunta na kan murfin. Ta ce, "Ya Aisa, kin ce ba na kasuwa ba ne, na ƙi ji. Ki yafe mini, zan ƙara." Ta narka duk kakin da Nomau ya kawo a makon, ta zuba haɗin ba da cokali ba, da ludayi, ta cika gwangwani arba'in.

Ran Asabar da hantsi mata sun taru a gidan Rakiya ana dakan nakiyar gara. Turmi huɗu ke tashi, ana guɗa ana zolaya. Zainaba ta yi sallama da ƙwarya a ka. Taɓare suka tsaya ɗaya bayan ɗaya, har aka ji kukan kaza a bayan rumbu.

"Ku ci gaba da aikinku, ba biki na zo ba," in ji ta. "Aron mayafi na zo. Rakiya, ba ni naki, wanda kika wanke da hannunki."

Rakiya ta dube ta sama da ƙasa. Amma idon mutane na kanta, kuma ba a hana aron mayafi. Ta ciro shi daga igiyar shanya ta miƙa. Zainaba ba ta karɓa ba.

"Ba ni zan taɓa ba, kada a ce daga jikina ne. Kulu, ke da ba ki yarda da kowa ba, zo. Shinshina shi. Me kika ji?"

Kulu ta tura hanci. "Sabulu."

"To ɗauki gwangwani ɗaya a ƙwaryar nan, wanda ranki ya so. Ki shiga ɗakin can, ki rataye mayafin, ki kunna, ki ja ƙofa ki fito."

"Wannan ba bujin Tahiru ba ne?" in ji wata.

"Tahiru ke sayarwa. Ni ke yi."

Kulu ta nemi alimeti, wato ashana, ta yi yadda aka ce, don ko ba komai tana son ta ga ƙarshen labari da idonta. Zainaba ta koma can nesa kusa da murhu ta zauna a kan turmin da aka kife. Babu mai yi mata magana. Aka koma daka, amma dakan ba ya tafiya daidai, kowa idonta na kan ƙofar ɗakin. Da aka sauke turmi ɗaya Zainaba ta ce a buɗe.

Ana buɗewa ƙamshin ya fito ya cika tsakar gida. Wasu suka dubi Zainaba inda take zaune can nesa, suka dubi ɗakin da babu kowa a ciki. Kulu ta fito da mayafin tana riƙe da shi da yatsa biyu, bakinta a buɗe, karo na farko a tarihin unguwa ba ta da abin cewa.

"Ba a gama ba," in ji Zainaba. "Wanda ya fara maganar nan yana waje. Rakiya, yafa ki wuce ta gabansa. Kada ki ce uffan."

Rakiya ta yafa. Mata suka cika zaure suna leƙe, wata a kan kafaɗar wata. Ta fita ta bi jikin katanga a hankali. Gambo ya ɗaga kai, ya ja iska, fuskarsa ta washe, don wannan karon ya ji takun mace da ƙarar mundaye.

"Ya Zainaba, wushe! Yau dai ke ce, ko a gaban alƙali!"

Zaure ya ɗauki ƙyaƙyatawa, aka toshe baki. Rakiya ta dawo, Kulu ta fizge mayafin ta yafa ta fita tana rangaji.

"Af, kin dawo? An yi mantuwa?"

Ta uku ta karɓa, wata gajeriya mai ƙiba, matar Suma'ila direba.

"Ya Zainaba, yau zirga-zirgar ta mece ce? Kuma kamar kin yi nauyi."

A ta biyar Gambo ya yi jifa da igiyarsa ya ce, "La'ilaha illallahu! Wai Zainaba nawa ce a garin nan?" Nan fa mata suka zubo waje, masu faɗuwa na faɗuwa, masu riƙe katanga na riƙewa. Matar Mai Nasara tana share hawaye tana cewa, "Kwana goma ina ba bawan Allah tuwo da gudaji! Ashe suna can a shago suna rabon ƙasa, buji na turara su kamar amare!" Kulu kuwa har ta fara cewa ita dama tun farko ta san da wata a ƙasa.

Mutum biyu ne ba su yi dariya ba. Rakiya ta koma ciki ta tarar da Zainaba a kan turminta. Ta matsa, ta durƙusa ta kama ƙafarta.

"Tashi, kada yara su gani," in ji Zainaba. "Shekara ashirin, Rakiya. Sauran ban damu da su ba. Ke da kin tambaye ni."

"Da wane baki, ƙawa? In na tambaya kika ce e, ina zan sa kaina? Na gwammace in rasa ki ban ji ba."

Zainaba ta dube ta. Haushin bai tafi duka ba, kuma ba ta yi kamar ya tafi ba. Amma ta ga ramar da matar nan ta yi cikin kwana goma, ta san ba ita kaɗai ta kwana ba barci ba. Ta ce, "Ta Zangon nan, ta fara haɗawa?"

"Babu wata ta Zango. Faɗa kawai na yi."

"Allah ya shirye ki. Kira mini ɗiyata."

Kafin Ramlatu ta gama shinshina ƙulli uku, mata sun kewaye ƙwarya. Wannan ta ce a ba ta biyu, waccan ta ce in maigida zai yi ƙamshin nan to a ɗakinta zai ɗauke shi. Zainaba ta raba gwangwanayen da hannunta, gida-gida, ba ta hana kowa ba. Tana miƙawa tana jin kamar wani abu take yankowa daga jikinta, amma fuskarta a sake take har ƙwaryar ta koma wayam.

Ran da aka sauke tutar Nasara aka ɗaga ta ƙasa, rabin katangun Birni da gwangwanayen Zainaba aka haska su. Nomau ya koma zuwa daga Dogo da jaki biyu, Tahiru ya ƙara kanta a shago, har 'yan Zango da na Sabon Gari suna aikowa. Mazan majalisa ba su taɓa sanin abin da ya faru ba. Sun ga dai gishiri ya dawo miya daidai da samun mulkin kai, Sallau ya ce dama ya gaya musu.

Bayan mako biyu aka yi bikin Ramlatu. Zainaba ce ta turara ta, da haɗin da babu mai irinsa, ta kuma ɗora hannun yarinyar a kan murfin ƙwaryar ta gaya mata abin da Ya Aisa ta faɗa a kan baƙar tukunya, ta ƙara da cewa, "Ke ki ji."

Kashegarin buɗar kai ta fito da ƙullin zare za ta kai wa Gambo. Lungun duk ƙamshin Ya Aisa yake, yana fitowa daga zaurukan da Zainaba ba ta ma san masu su ba. Ta karyo kwana ta rage tafiya, kamar yadda ta saba, don ta ba gaisuwa wuri. Gambo na tufka, kansa a sunkuye. Ta matso. Ta tsaya a gabansa har inuwarta ta rufe hannuwansa. Ya ja iska, ta ga ya ja, amma bai ɗago ba.

"Wane ne a tsaye?"

Shekara ashirin ba a yi mata wannan tambaya a lungun nan ba. 

"Ni ce, Malam Gambo. Zainaba."

"Ta ainihin?"

"Ta ainihin."

"To, wushe. Kada ki ga laifina, na yi wa hancina murabus tare da Nasara. Yanzu kowa sai ya faɗa da bakinsa."

Ta ajiye masa zaren, ta ce lagwani ɗari take so kafin Juma'a, ya ce Allah ya kai mu. Sunanta ya dawo mata, ƙofofi sun buɗe, sana'a ta ninka, babu abin da za ta ce an zalunce ta. Amma tun daga ranar, duk inda Zainaba ta je a cikin Birni sai ta yi sallama ta faɗi ko ita wace ce, kamar kowa.